ZARE: Wa ke yanke lokacin kwanciyarka? Tarihin Ed Roberts da kuɗin kula da naƙasassu a Amurka

1/ Yau zaren tarihi ne kuma da ɗan tsawo, a nemi wuri a zauna. Labarin wani mutum ne da ya shekara 42 ba ya iya sa wa kansa riga, ba ya iya kai loma bakinsa, amma ya riƙe ma'aikatar gwamnati sukutum. Sunansa Ed Roberts. Ku biyo ni sannu a hankali.

2/ Bari in fara da abin da ya ja ni binciken. A ajinmu akwai abokina mai keken guragu, shan inna ce ta same shi yana ƙarami. Kullum ƙanensa ke rako shi, in lakca a bene take mu kama mu ɗaga shi. Zangon da ya wuce zazzaɓi ya kwantar da ƙanen kwana huɗu. Abokina lafiyarsa ƙalau, amma gwaji biyu suka wuce shi.

3/ Da na je gaishe su ya ce da ni: "Ƙafa kam na saba da ita. Abin da ke damuna, karatuna gaba ɗaya a wuyan yaro ɗan shekara 15 yake, shi ma ga tasa makarantar." Maganar ta tsaya min a rai. Na ce to ƙasashen da gwamnati ke biyan kuɗin irin wannan hidima, yaya aka yi aka fara? Haka kawai aka ba su?

4/ Mu tafi Amurka, farkon shekarun 1950, lokacin da shan inna ke cin karenta babu babbaka a can. A 1952 kaɗai kusan mutum 58,000 suka kamu, sama da 3,000 suka mutu, sama da 21,000 jikinsu ya shanye. Iyaye har hana yara zuwa wurin iyo da sinima suke yi. Rigakafin Jonas Salk bai fito ba sai Afrilun 1955.

5/ An haifi Ed ranar 23 ga Janairu 1939 a jihar Kalifoniya. A 1953, yana shekara 14, cutar ta kama shi, saura shekara biyu kacal rigakafi ya fito. Daga wuya zuwa ƙasa komai ya shanye, in ban da yatsu biyu na hannu ɗaya da wasu na ƙafa. Har naman da ke jan numfashi ya gaza.

6/ Sai aka sa shi a na'urar da ake kira huhun ƙarfe. Ku ƙaddara doguwar ganga ce a kwance, an zura mutum ciki, kansa kaɗai ne a waje. Inji ya zuƙe iskar gangar, ƙirji ya buɗe. Ya mayar da ita, ƙirji ya koma. Nauyinta kusan kilo 360. In wuta ta ɗauke sai a koma famfo da hannu. Mu da muka san ɗaukewar wuta mun gane tashin hankalin.

7/ Wata 18 ya yi a asibiti. Daga baya ya sha ba da labarin yadda wani likita ya ce wa mahaifiyarsa, Zona, gara ta yi fatan ya mutu, don rayuwar da ta rage masa ba rayuwa ba ce. Yaron ya karaya, ya daina cin abinci, ya rame ƙwarai. Nas-nas na kansa dare da rana suna matsa masa ya ci, ya ƙi.

8/ Ga inda abin ya ɗaure min kai. A cewarsa, ranar da nas ta ƙarshe mai gadinsa ta ajiye aiki, washegari ya fara cin abinci. Ya ce ci ko ƙin ci shi kaɗai ne abin da ya rage a hannunsa. Da aka daina tilasta masa, zaɓin ya dawo nasa, sai ya zaɓi ya rayu. Ku riƙe wannan, duk sauran labarin a kansa yake tafiya.

9/ A wancan zamanin, mai naƙasa irin ta Ed hanya biyu ce gabansa. Ko iyali su ɓoye shi a ɗakin baya har ƙarfinsu ya ƙare, ko gwamnati ta karɓe shi ta kai shi ɗaya daga cikin manyan gidajen da ta gina don ajiye naƙasassu. Mutum kan shiga yana yaro, ya tsufa a ciki, ya mutu a ciki.

10/ Mafi ƙaurin suna a cikinsu shi ne Willowbrook a New York, na masu naƙasar ƙwaƙwalwa. An tsara shi don mutum 4,000, amma zuwa 1965 an cusa sama da 6,000. Har gwajin cutar hanta aka yi a kan yaran, ana sa musu ƙwayar cutar da gangan. A 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga da kyamara, aka ga yara tsirara a ƙasa cikin ƙazanta. Sai 1987 aka rufe shi.

11/ Abin lura a nan: da kuɗin haraji ake tafiyar da waɗannan gidaje. Gini, albashin ma'aikata, abinci, duk daga baitulmali. Wato tun asali gwamnati na kashe kuɗi a kan naƙasassu. Rigimar da za ta biyo baya a kan inda kuɗin zai je ce, da kuma wanda zai faɗi yadda za a kashe shi.

12/ Mu dawo kan Ed. Zona ta dawo da shi gida da huhun ƙarfensa. Ya ci gaba da sakandare ta wayar tarho da aka haɗa da aji. Ya kuma koyi wata dabara ta haɗiyar iska da baki da maƙogwaro, irin yadda kwaɗo ke yi, wadda ta ba shi damar fita daga gangar na wasu awanni da rana.

13/ Da ya gama, makaranta ta ce ba za ta ba shi takardar shaida ba. Dalili? Bai yi darasin motsa jiki ba, bai yi darasin tuƙin mota ba. Mutumin da ba ya iya ɗaga hannu fa. Zona ta kai maganar gaban hukumar makarantu, aka ba shi takardarsa. A nan ya fara koyon cewa "a'a" ɗin ofis ba wahayi ba ce.

14/ Ya yi ƙaramar kwaleji a San Mateo, sannan ya nemi Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. Akwai hukumar jiha da aikinta shi ne biya wa naƙasassu karatu don su samu aiki. Ta duba Ed ta ce naƙasarsa ta yi yawa, ba zai taɓa aiki ba, asarar kuɗi ne. Magana ta kai ga jaridu, hukuma ta ja da baya ta biya. Ku riƙe wannan hukumar, za mu sake haɗuwa da ita.

15/ 1962 ya shiga Berkeley. Matsala ta gaba: babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai ɗauki huhun ƙarfe. Shugaban asibitin jami'ar, Dr Henry Bruyn, ya ba shi ɗaki a wani ɓangare na asibitin Cowell da babu kowa. Ed ya yarda da sharaɗi ɗaya: a ɗauki ɗakin a matsayin ɗakin ɗalibi, shi kuma ɗalibi, ba majinyaci ba.

16/ To wa ke masa wanka, ya sa masa kaya, ya ɗaga shi zuwa keke, ya ba shi abinci, ya tura shi aji? Masu hidima da ake biya da kuɗin tallafin naƙasassu na jihar. Shi ke zaɓarsu, shi ke koya musu aikin, shi ke sallamar wanda bai yi masa ba. Kuɗin na gwamnati ne, amma Ed ne maigida.

17/ Ku gwada da zaman gidan ajiya. A can ma ana wa mutum wanka ana ba shi abinci. Amma ƙarfe nawa za a tashe ka, ƙarfe nawa za a kashe fitila, wa zai ga tsiraicinka, yau za ka fita ko ba za ka fita ba, duk jadawalin ma'aikata ne ke yankewa. Hidimar iri ɗaya ce. Mai ba da umarni ne ya bambanta.

18/ Labari ya bazu. A 1963 John Hessler, wanda ya karye a wuya, ya zo ya same shi. Kafin ƙarshen shekarun 1960 sun haura goma a Cowell, suka sa wa kansu suna Rolling Quads, wato shanyayyu masu gangarawa a keke. Ed ya gama digiri na farko a 1964, na biyu a 1966, duka a kimiyyar siyasa.

19/ Ɗan abin dariya. Likitoci sun daɗe da ce masa ba zai iya tuƙa keke mai batir ba. Sai ya faɗa soyayya. Ya ga ba zai yiwu yana zance mai turin keke na tsaye a bayansa yana jin komai ba. Cikin ɗan lokaci ya koyi tuƙa keken da yatsunsa biyu. Abin da asibiti ya kasa, zance ya yi.

20/ Amma cin kuɗin gwamnati na zuwa da igiya. Wata ma'aikaciyar hukumar ta fara yi wa biyu daga cikinsu barazanar kora daga Cowell da yanke tallafi, wai sakamakonsu bai yi mata ba. Ɗalibi mai ƙafa in ya faɗi jarrabawa ya sake. Su kuwa faɗuwa na nufin komawa gidan ajiya. Suka haɗa kai suka yi bore, aka ɗauke ta daga wurin.

21/ Daga nan suka gane sai sun riƙe abin da kansu. A 1970 suka samu tallafin gwamnatin tarayya suka buɗe ofishin ɗalibai naƙasassu wanda naƙasassu ke gudanarwa. Aikinsa: gyaran keke cikin gaggawa, nemo gidan haya da keke zai shiga, da jerin sunayen masu hidima da mutum zai zaɓa.

22/ Gyaran keke ya yi kama da ƙaramin abu, ko? A lokacin in kekenka ya lalace sai ka yi makonni a gado kana jira, zango ya wuce ka. Daidai abin da ya sami abokina ke nan, sai dai shi ƙane ne ya kwanta ba keke ba. Duk wanda rayuwarsa ta rataya a igiya ɗaya tak, ranar da ta tsinke komai ya tsaya.

23/ Mutanen gari da ba ɗalibai ba suka yi ta kira suna neman taimako. A 1972 aka buɗe cibiyar zaman kai ta Berkeley, Center for Independent Living. A wannan tsakanin ne kuma suka matsa wa hukumar birni ta fara fasa bakin titi tana yin gangara don keke ya hau ya sauka. Yau masu turin jarirai da masu jan akwati duk suna mora.

24/ Ma'anar da suka ba "zaman kai" ita ce ta canza min tunani. Likitoci na auna shi da yawan abin da za ka iya yi da hannunka. Su suka ce a auna shi da yawan shawarar rayuwarka da kai ke yankewa. In za ka ɓata awa biyu kana fama da maɓallin riga, alhali mai hidima zai sa maka a minti goma ka tafi aiki, wanne ne ya fi 'yanci?

25/ A 1973 Kalifoniya ta kafa shirin hidimar cikin gida, IHSS a taƙaice, wanda yake nan har yau. Ma'aikacin gwamnati zai zo ya auna awa nawa kake buƙata a wata, jiha ta biya, kai kuma ka ɗauki wanda kake so. Yana iya zama ɗan'uwanka. Da na karanta wannan sai ƙanen abokina ya faɗo min a rai.

26/ Yanzu ga inda reshe ya juye da mujiya. Jerry Brown ya hau gwamnan Kalifoniya a 1975, ya naɗa Ed Roberts shugaban hukumar nan da ta ce ba zai taɓa aiki ba. Ya riƙe ta har 1983. Da dare yana kwana a huhun ƙarfe, da safe masu hidima su shirya shi, ya tafi ofis ya sa hannu a takardu da alƙalami a baki.

27/ Wannan duk jiha ɗaya ce. A matakin tarayya an yi dokar 1973 mai wani ɗan sashe, Sashe na 504, da ya ce duk wurin da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya bai da ikon ware mutum saboda naƙasa. Makarantu, asibitoci, jami'o'i. Amma shekara kusan huɗu ba a sa hannu a ƙa'idojin aiwatarwa ba. Doka na nan a takarda tana barci.

28/ Ranar 5 ga Afrilu 1977 naƙasassu suka mamaye ofisoshin ma'aikatar lafiya da ilimi a birane da dama. A sauran wurare kwana ɗaya ko biyu aka watse. A San Francisco sama da mutum 100 suka yi zaman dirshan kusan mako huɗu. Cikin jagorori akwai Judy Heumann, wadda ita ma shan inna ta kama tana wata 18, da Kitty Cone.

29/ Ku yi tunanin me hakan ke nufi. Mutanen da sai an juya su da dare don kada gyambon kwanciya ya kama su, ga su a dandaɓar ofis. Aka yanke musu waya da ruwan zafi. Kurame suka riƙa aika saƙo ta taga da yaren hannu. Makaho ya ɗaga gurgu, gurgu ya karanta wa makaho. Ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panthers ke kawo musu abinci mai zafi kullum.

30/ Ranar 28 ga Afrilu 1977 ministan, Joseph Califano, ya sa hannu. Ed, duk da yana babban jami'in jiha, ya je wurin ya mara musu baya. Wanda ke son ganin hotunan wannan zama da idonsa ya nemi fim ɗin Crip Camp na 2020.

31/ An buɗe ƙofar makaranta da ofis. Amma wa zai tashe ka daga gado ka kai ƙofar? A nan Medicaid ke shigowa, shirin lafiyar marasa ƙarfi da aka kafa a 1965, tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa. A tsarinsa, biyan kuɗin gidan jinya dole ne a kan kowace jiha. Biyan mai hidima ya zo gidanka kuwa, jiha ta ga dama.

32/ Labarin wata yarinya ne ya tona asirin wannan tsari. Katie Beckett, an haife ta 1978 a jihar Iowa. Tana 'yan watanni cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta kama ta, ta koma numfashi da na'ura. Bayan shekaru likitoci suka ce za ta iya komawa gida, in dai akwai na'ura da nas mai zuwa.

33/ Sai ƙa'ida ta tare hanya. Muddin tana asibiti, ba a lissafa albashin iyayenta, Medicaid na biya. Ranar da ta koma gida za a lissafa, a ce sun fi ƙarfin tallafi, alhali ba za su iya biya ba. Kuɗin asibitin kuma kusan ninki shida ne na kuɗin kula da ita a gida. Gwamnati na biyan mai tsada don raba 'ya da uwarta.

34/ Mahaifiyarta ta bi ta hannun ɗan majalisarsu har magana ta kai ga shugaba Ronald Reagan. A Nuwamban 1981 ya kawo labarin a taron manema labarai. Aka ɗage mata ƙa'idar, a Disamba ta koma gida tana shekara uku. A 1982 aka mai da shi doka, har yau da sunanta ake kiran shirin. Ta yi digiri, ta rasu a 2012 tana shekara 34.

35/ Ku lura, Reagan mutum ne mai son rage kashe kuɗin gwamnati. Lissafi ne ya ja hankalinsa tare da tausayi. A 1981 ɗin ne kuma aka ba jihohi damar neman izini su karkatar da kuɗin Medicaid zuwa hidimar gida. Amma izinin ya ba su ikon ƙayyade mutum nawa za su ɗauka. Daga nan layin jira ya samo asali.

36/ Ranar 12 ga Maris 1990, da majalisa ke jan ƙafa kan babbar dokar naƙasassu, masu zanga-zanga suka sauka daga kekunansu suka hau matattakalar ginin majalisa a Washington da rarrafe. Cikinsu har da yarinya 'yar shekara 8, Jennifer Keelan. Ranar 26 ga Yuli 1990 shugaba George Bush uba ya sa hannu a dokar ADA.

37/ Ed ya ga wannan da idonsa. Ya yi aure, ya haifi ɗa, a 1983 shi da Judy Heumann da Joan Leon suka kafa cibiyar nazarin naƙasa ta duniya. Ya rasu 14 ga Maris 1995 yana shekara 56. Yaron da aka ce gara ya mutu ya ƙara shekara 42, kuma kowace rana a cikinsu da hannun wani ya tashi daga makwanci.

38/ A shekarar da ya rasu aka shigar da wata ƙara a jihar Georgia. Mata biyu, Lois Curtis da Elaine Wilson, suna tsare a asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Atlanta. Likitocin asibitin da kansu sun ce za su iya zama cikin jama'a in an ba su tallafi. Jiha ta ce babu gurbi, babu kuɗi. Suka ci gaba da zama a kulle.

39/ Ranar 22 ga Yuni 1999 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Olmstead, alƙalai 6 da 3, Ruth Bader Ginsburg ta rubuta. Ta ce killace mai naƙasa ba tare da dalili ba wariya ce a ƙarƙashin ADA. Lois ta fito, ta zama mai zane, har ta kai wa Obama zanenta a fadar White House a 2011.

40/ Kar wani ya ce Amurka ta zama aljanna. Kotun ta sa sharaɗi: a duba ƙarfin aljihun jiha. Sai a 2013 ne kuɗin da Medicaid ke kashewa a hidimar gida ya fara wuce na gidajen jinya. Kuma a ƙididdigar cibiyar KFF ta 2024, kimanin mutum 700,000 ne ke layin jira, da yawansu shekaru suke yi.

41/ Ga wani tarkon. Tallafin wata-wata da ake kira SSI na da ƙa'ida: kada dukiyar da ka ajiye ta wuce dala 2,000. Tun 1989 adadin bai motsa ba. In masu karɓa biyu suka yi aure, iyakarsu dala 3,000 ce, ba 4,000 ba. A jihohi da yawa kuma SSI ce ƙofar shiga Medicaid.

42/ Wato ka yi adashi ya wuce layi, ko albashi ya ƙaru, ko ka yi aure, kana iya rasa mai hidimar da ke tashinka da safe. Akwai masoyan da suka fasa aure saboda wannan. A 2014 an yi dokar ABLE da ta ba da damar buɗe asusun ajiya na musamman, ta rage zafin, amma iyakar dala 2,000 na nan daram.

43/ Kuma abin da majalisa ta bayar, majalisa na iya ragewa. Ranar 22 ga Yuni 2017, shekara 18 cif da hukuncin Olmstead, 'yan ƙungiyar ADAPT suka kwanta a ƙofar ofishin shugaban masu rinjaye na majalisar dattawa kan shirin rage kuɗin Medicaid. Duniya ta ga 'yan sanda na ɗauke mutane daga kekunansu. Mai dogaro da kasafin kuɗi, duk kakar siyasa da fargaba yake kwana.

44/ To mu fa? A Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu ta 2018. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara, ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kafa hukuma ta ƙasa. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kowa ya leƙa benen makarantarsu ya ba kansa amsa.

45/ A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, alhamdulillah. Amma waɗanda ta riga ta kama suna nan, sa'o'inmu ne, suna ajinmu. Hidimarsu kuma uwa ce ke yi, ko yaya, ko ƙane, ba albashi ba hutu. Zumunci abin alfahari ne, ban musa ba. Sai dai uwa na tsufa, yaya na aure, ƙane na zazzaɓi.

46/ Haɗa kai ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun da daɗewa akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, masu magana da yawun jama'arsu gaban hukuma. Abin da na ɗauka daga labarin Ed shi ne irin buƙatar da ake kaiwa. Rabon keke da buhun shinkafa gaban kyamara rana ɗaya ne. Su awannin hidima suka nema, a rubuce a kasafi, mai naƙasa na riƙe da linzami.

47/ Na san wani zai ce ƙasar da ke fama da albashi ina ta ga kuɗin masu hidima. Tambaya ce mai kyau. Amma kuɗin ana biyansa yanzu haka, daga wani aljihun ne kawai: yaron da ke rasa darasi don ya tura keke, uwar da ta bar sana'a, mai digirin da ya ƙare a bakin titi don ba mai fito da shi da safe.

48/ Na ba abokina labarin nan kafin in rubuta. Ya yi dariya wurin keke mai batir da zance, ya yi shiru wurin Katie. Sannan ya ce in tambaye ku: cikin masu karantawa wa ke da mai naƙasa a gida, kuma wa ke masa hidima? In mutumin nan ya kwanta ciwo gobe, wa zai karɓa?

49/ Mu dai 'yan ajinmu mun yi jadawali, mutum shida, kowa da ranarsa in ƙanen bai samu zuwa ba. Abokina ne ya zaɓi mutanen, shi ya tsara ranakun, ya kuma cire ɗaya don ya ce tuƙinsa ganganci ne. Mun rubuta takardar neman a sauko da lakcocinmu ƙasa, muna jiran amsa.